Zan je taro Baden-Baden, me mutum zai yi da sauran lokacinsa?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Wurin aikinmu sun saka sunana cikin waɗanda za su je taron kamfanonin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora, wanda ake yi duk ƙarshen Oktoba a Baden-Baden, ƙasar Jamus. Ranar Asabar za mu sauka. Lahadi kusan babu komai a jadawalina, haka yammacin Laraba. Matsalar ita ce wani Bature da muke hulɗa da kamfaninsu ya riga ya aiko min saƙo cewa lallai zai kai ni gidan wankan ruwan zafi, wai wanda ya zo garin bai shiga ruwa ba bai zo ba. Na ce masa to, amma raina bai kwanta ba. Waɗanda suka san garin, don Allah ya abin yake? Kuma ban da wankan, me ake gani?

Ɗan_Karlsruhe:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ina karatu a Karlsruhe, tsakaninmu da garin bai kai rabin awa ba a jirgin ƙasa. Abu na farko, tambayi Baturen nan wane gidan wanka yake nufi, domin manya biyu ne kuma ba ɗaya suke ba. Akwai Friedrichsbad, tsohon gini da aka buɗe a 1877. Al'adar wurin ita ce tsirara ake shiga, haihuwar uwa, kana bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, daga na iska mai zafi zuwa na turiri, zuwa kwamin ruwan ɗumi, ka ƙare da na sanyi, kuma akwai inda maza da mata ke haɗuwa. Na biyun shi ne Caracalla Therme, na 1985. A ƙasa da kayan ninƙaya ake shiga, amma benen da ke sama, wurin sauna, wato ɗakunan zafi da ake zama a yi gumi, nan ma ba a sa komai. Idan bai faɗa maka sunan ba, kada ka bi shi ido rufe.

Kawu_Sule:
Innalillahi. Haihuwar uwa? Da kuɗinsa mutum zai biya a tuɓe shi? Baban Ilham, ka ce masa kana mura.

Hajiya_Turai:
Kawu, ba sai ya yi ƙarya ba. Bajamushe ya fi son ka gaya masa abu kai tsaye. Ka ce masa addinina bai yarda in tuɓe a gaban mutane ba, amma zan so mu yi tattaki ko mu sha shayi. Wallahi ba zai ji haushi ba, sai dai ma ya ba ka haƙuri. Mu ne muke ganin ƙin amsa gayyata kamar cin fuska ne. Abin da zai ɓata masa rai shi ne ka ce to, ya ware lokaci, sannan ranar ka ɓace ko ka zo a makare.

Auwal_Akanta:
Ni tambayata daban ce. Taro aka tura ka ko yawon buɗe ido? Kuɗin guzuri na kamfani ne. Irin wannan ne ya sa idan aka ji ma'aikaci ya tafi taro waje sai a ce shan iska ya tafi.

Baban_Ilham:
Malam Auwal, ranar Lahadi ce fa. Ko a gida ba na zuwa ofis ranar.

Tsohon_Dillali:
Bari in sa baki, don na yi shekaru a wannan sana'ar kafin in ajiye. Auwal, da ka san yadda taron nan yake da ba ka yi tambayar ba. Ba irin taron da za a jera kujeru a yi ta karanta takarda har la'asar ba ne. Akwai 'yan jawabai a farko, amma ainihin aikin a falon otal-otal da gidajen shayi ake yin sa. Kowa da jadawalinsa, rabin awa da wannan kamfani, rabin awa da wancan, ka tashi daga wannan tebur ka tsallaka titi zuwa wani otal. Abin da ake tattaunawa shi ne farashi da sharuɗɗan kwantiragin da za a sabunta ranar 1 ga Janairu. A Satumba an fara taɓa maganar a wani taro irin wannan a Monte Carlo, a Baden-Baden ake shiga lissafi sosai.

Saboda haka Baban Ilham, abin da kake kira sauran lokaci, rabinsa aiki ne. Garin ƙarami ne, mutanensa ba su kai dubu 60 ba, kuma a makon nan duk inda ka juya masu kwat ne da jaka. Mutumin da sakatarensa ya ce maka ba shi da gurbi ko na minti goma, sai ka ci karo da shi da yamma yana tafiya shi kaɗai a bakin rafi. Ka gaishe shi, ku jera, kafin ku kai ƙarshen hanya ya san sunanka da na kamfaninka. Gayyatar da Baturen nan ya yi maka ba ruwan ne ya dame shi ba, so yake ku saba. Kada ka bar gayyatar ta faɗi ƙasa, ka canza mata wuri kawai.

Ɗan_Karlsruhe:
Bakin rafin da Baba ke nufi shi ne Lichtentaler Allee. Hanya ce mai tsawon kilomita biyu da 'yan kai, ta bi gefen rafin Oos daga tsakiyar gari har gidan 'yan zuhudu mata na Lichtenthal, wanda aka kafa tun 1245 kuma har yau suna ciki. A Oktoba ganyen itatuwan duk ya koma ruwan ɗorawa da ja, yana ta zuba. Rafin ba shi da zurfi, an daɓe ƙasansa da duwatsu, kuma kusan kowane otal da ke ƙetare yana da 'yar gadarsa ta ƙarfe da aka jera wa tukwanen furanni. Kyauta ne, ba ka biyan ko sisi. Gidan zane-zane na Frieder Burda ma yana kan hanyar, farin gini ne na gilashi da aka buɗe a 2004, in kana da sha'awar irin wannan.

Maman_Hanif:
Ni dai abinci zan yi magana, don nan ne mutanenmu ke faɗawa. Kek ɗin nan da yankin ya yi suna da shi, mai cakulan da kirim da jajayen 'ya'yan itace, na asalin da barasa ake yin sa, wata giya ce da ake tatsa daga 'ya'yan cherry. Za a kawo maka shi da kofi kamar ba komai. Sannan naman da ake yankawa siri-siri a karin kumallo, Schinken, na alade ne. Wata gurasa mai faɗi da suke kira Flammkuchen ma yawanci an barbaɗa mata gutsattsarin alade, sai ka nemi marar nama. Abin da ya fi sauƙi kifin rafi ne, Forelle, ko taliyarsu mai cuku. In ka gaji da tambaya, nemi shagon Turkawa ka ci döner, irin shawarmarsu, amma nan ɗin ma ka tambaya ko na halal ne.

Kuma ka yi sayayyarka ranar Asabar da ka sauka. Lahadi shaguna a rufe suke a Jamus, har manyan kantuna. Gidajen abinci da wasu gidajen burodi ne kawai za ka samu.

Kawu_Sule:
Ka tafi da kilishinka da garin yaji, ka huta da duk wannan.

Hajiya_Turai:
Kawu, yau dai shawarwarinka sai a hankali. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara daga wajenta. In kwastan suka buɗe jaka a Frankfurt za su ƙwace, har tara suna iya ci. Yajin dai ba laifi.

Malam_Nasiru_Zariya:
Game da wankan, hukuncin a fili yake. Al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa ce, kuma an umarce mu da runtse ido. Wurin tsirara babu magana. Wanda ake shiga da kayan ninƙaya ma, ko da kai ka sa wando har gwiwa, mata na ciki da shigar da kowa ya sani. Ni ba zan ba da shawarar shiga ba. Sai maganar salla: tunda daga Asabar har bayan Laraba za ka zauna, a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya fita daga hukuncin matafiyi, zai cika sallarsa. Ka lura da wannan wajen tsara ganawarka, don a ƙarshen Oktoba rana gajera ce a can, tsakanin azahar da la'asar da magariba ba nisa.

Sadiq_Injiniya:
Allah ya gafarta Malam, ban ƙi maganarka ba, amma ina ganin kowa ya san kansa. Na taɓa shiga Caracalla da sassafe ranar aiki, lokacin da muka je duba wasu injina a wata masana'anta da ke yankin. Yawancin waɗanda na tarar tsofaffi ne masu ciwon gwiwa da baya, kowa ya jingina da bango yana barin ruwa na dukan kafaɗarsa. Ba wanda ya kalli wani. Akwai kwamin da ke waje, iska na yanka fuska saboda sanyi, jiki kuma na cikin ruwan ɗumi, turiri na tashi har ba ka ganin wanda ke gabanka sosai. Ciwon bayan da na zo da shi daga zaman jirgi, ranar na yi barci ban san inda kaina yake ba. Saman bene kam ban hau ba.

Malam_Nasiru_Zariya:
Malam Sadiq, "ba wanda ya kalli wani" shaida ce a kan idon wasu, ba a kan hukunci ba. In magani ake nema akwai hanyar da ba sai an cakuɗa ba.

Likita_Zee:
Malam ya yi gaskiya a kan wannan, manyan otal-otal na garin da dama suna da nasu wurin wanka da tausa, ana iya kama ɗaki na mutum ɗaya kuma ka nemi namiji ya yi maka. Tsada ce kawai. Ni abin da zan ƙara na lafiya ne. Ruwan zafi na buɗe jijiyoyin jini, sai awon jini ya sauka. Mai shan maganin hawan jini ko mai ciwon zuciya zai iya jin jiri in ya miƙe da sauri, wasu har faɗuwa suke yi. Kada a wuce minti 15 zuwa 20 a zama ɗaya, a sha ruwa, kuma kada a shiga da cikakken ciki. Yana sassauta tsoka da gaɓoɓi, wannan gaskiya ne, amma ba ya warkar da amosanin gaɓɓai, sauƙi yake kawowa na ɗan lokaci.

Issoufou_Agadez:
Ku kuna ta maganar Jamus, mu nan muna da namu. Tafadek, arewa da Agadez cikin duwatsun Ayar, ruwan zafi ne ke fitowa daga ƙasa, mutane na zuwa daga nesa saboda ciwon gaɓɓai da na fata. Kuma maza daban, mata daban, babu wannan rigimar.

Bauchi_Boy:
Mu ma ga Wikki a Yankari. Ruwa garau, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Da an kula da shi yadda ya kamata da mu ma ana zuwa taro wurinmu.

Tsohon_Dillali:
Ɗana, ba ruwan kaɗai ya gina Baden-Baden ba. Ruwan yana nan tun zamanin Rumawa, su suka fara gina wuraren wanka a wurin, kangon ma yana ƙarƙashin Friedrichsbad har yanzu, ana shiga a gani. Amma abin da ya cika garin da attajirai caca ce. Da Faransa ta rufe gidajen caca na Paris, sai wani Bafaranshe mai suna Jacques Bénazet ya karɓi na Baden-Baden a 1838, shi da ɗansa suka zuba kuɗin a gine-gine da lambuna, har da filin sukuwar dawaki na Iffezheim. Sarakuna da masu kuɗin Turai, musamman Rashawa, suka mayar da garin wurin hutun bazara, shi ya sa za ka ga cocin Rashawa mai ƙubbar zinariya a can. A 1872 aka hana caca a Jamus (daga baya an dawo da ita), sai hukuma ta ga in ba a yi wani abu ba garin zai mutu, aka mayar da hankali kan wanka da jinya. Friedrichsbad ɗin da ake ta magana a wannan lokacin aka kammala shi. Otal-otal ɗin da aka gina wa 'yan caca su ne yau ke ɗaukar 'yan taro. A nan kwamitin Olamfik ya zauna a 1981 ya ba Seoul wasannin 1988, a nan ministocin kuɗi na G20 suka haɗu a Maris 2017.

Bauchi_Boy:
To Baba, in sai da caca, mun yafe.

Auwal_Akanta:
Kun ga abin da nake faɗa ko? Garin caca, garin tsirara, sana'ar ma inshora. Malam Nasiru bai ce komai a kan wannan ba.

Baban_Ilham:
Malam Auwal, sashen takaful nake, wato inshorar Musulunci, in hakan zai kwantar maka da hankali. Amma mu bar wannan, muhawara ce ta wata rana.

Ɗan_Karlsruhe:
Mu dawo kan tambayar Alhaji. Ranar Lahadi in gari ya yi haske, ka hau dutsen Merkur. Tsayinsa mita 668, akwai ɗan jirgin da igiyar ƙarfe ke ja tun 1913, minti biyar ya kai ka sama. Kusa da ƙarshe hawan yana miƙewa sosai, in ka waiwaya sai cikinka ya juya. Daga can kana hango garin a cikin kwari, dajin Schwarzwald a bayanka, filin kogin Rhine a gabanka har duwatsun Faransa. In hazo ya sauka kada ka ɓata kuɗinka, ba abin da za ka gani. Bas ne ke kai mutum gindin dutsen daga tsakiyar gari. Ka kuma sani tashar jirgin ƙasa ba a cikin gari take ba, tana unguwar Oos, kusan kilomita biyar, sai ka shiga bas mai lamba 201 ko tasi.

Hajiya_Turai:
In kana son ka ga ruwan ba tare da ka shiga ba, akwai wani ɗan famfo a jikin dutse kusa da Friedrichsbad, Fettquelle, ruwan na zubowa yana turiri. Sa yatsa kawai, zafinsa ya haura digiri 60. Akwai kuma Trinkhalle, doguwar baranda mai ginshiƙai da zane-zanen tatsuniyoyin yankin guda 14 a bango, inda a da masu jinya ke zuwa shan ruwan da safe suna kai da komo. Ruwan gishiri-gishiri ne. Baranda ce mai kyau a fake in ruwan sama ya tsare ka, kuma a Oktoba zai tsare ka. Ka tafi da lema da rigar sanyi ta gaske, ba kwat ɗin ofis kaɗai ba.

Issoufou_Agadez:
Ni da ni ne, Strasbourg zan tafi ranar Laraba. Bizar Schengen ɗaya ce, Faransa na nan ƙetaren kogi, ga babban masallaci da aka buɗe a 2012, ga abincin halal ko'ina saboda Larabawan Magrib da Turkawa. Ka yi la'asar cikin jam'i ka ci kuskus ka dawo.

Ɗan_Karlsruhe:
Yana yiwuwa, amma sai an canza jirgi a hanya, kuma jiragen nan ba kullum suke cika alkawari ba. Ka riƙe fasfo a jikinka, 'yan sanda kan duba a kan iyaka. In yamma ɗaya ce kawai gare ka, rabinta za ta tafi a tasha.

Tsohon_Dillali:
Laraba kada ka bar gari. Ranar ce mutane suka gama gudun jadawali, suka saki jiki, masu shirin tafiya suna zaune da jakunkunansu suna jiran mota. Na ga an ƙulla hulɗar da ta yi shekaru a irin wannan zaman. Strasbourg ba inda za ta je.

Maman_Hanif:
Baba, mutum ba inji ba ne. Kwana da kwanaki yana murmushin dole da Turanci, a bar shi ya je ya yi salla cikin 'yan'uwa ya ci abin da ransa ke so. Kuma ban ji wanda ya yi maganar tsarabar Maman Ilham ba.

Kawu_Sule:
Agogon nan mai tsuntsu da ke leƙowa yana kuka, ai na yankin ne. Ka sayo mata.

Maman_Hanif:
Ya sayo ya hana gida barci? Turare ko jaka dai. Amma ba a Baden-Baden ba, shagunan titin Sophienstraße na masu kuɗin duniya ne. Ya bari sai Karlsruhe ko Frankfurt.

Sadiq_Injiniya:
Wani abu da ba a faɗa ba: gidan cacar da ke cikin Kurhaus, babban ginin taro da shaƙatawa na garin, ana zagayawa da baƙi da safe kafin a fara wasa, don kallon ɗakunan kawai, jan kilishi da fitilun ƙarau da ado irin na fadar sarakunan Faransa. Ba kuɗi a tebur, ba kowa sai mai yi muku bayani.

Malam_Nasiru_Zariya:
Malam Sadiq, kai dai duk inda aka ja layi sai ka je ka tsaya a kansa.

Sadiq_Injiniya:
Allah ya gafarta Malam, ina tsayawa ne ta ɓangaren da ya halatta.

Baban_Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na rubuta wa Baturen kamar yadda Hajiya ta ce. Ya amsa cewa Friedrichsbad ɗin yake nufi, amma ba damuwa, mu hau Merkur tare ranar Lahadi, zai zo da wani abokin aikinsa. Laraba kuma har yanzu ban yanke ba. Ɗan Karlsruhe, agogo fa? An ce a makon ne ake canza lokaci.

Ɗan_Karlsruhe:
Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, cikin dare. Ka duba ko ta faɗo cikin tafiyarka. Kafin ranar Jamus na gaban Najeriya da awa ɗaya, bayanta kuma lokacinku ɗaya. Wayarka za ta gyara kanta, agogon hannu ne sai ka juya shi da kanka.

Auwal_Akanta:
Kuɗin jirgin dutsen dai kada a saka shi cikin rasit ɗin ofis.